BioShock Infinite: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kyan Birnin Columbia da Gardamar Harbinsa

Da wuya a ɗauko zancen wasannin harbi masu labari ba a ambaci BioShock Infinite ba, kuma da an ambace shi sai mutane su rabu biyu. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu shirin buga shi da waɗanda suka gama shi suna jin akwai abin da bai zauna musu ba. Na ɓoye sirrin ƙarshen labari, amma na taɓa wasu abubuwa na tsakiya.

Wane irin wasa ne, kuma su wa suka yi shi?

Wasan harbi ne irin wanda kake kallon duniya ta idon ɗan wasan, hannunsa da bindigarsa kawai kake gani. Kamfanin Irrational Games ne ya yi shi ƙarƙashin jagorancin Ken Levine, kamfanin 2K ya fitar da shi ranar 26 ga Maris, 2013, a kan kwamfuta da PlayStation 3 da Xbox 360. Kai ne Booker DeWitt, tsohon soja kuma tsohon ɗan leƙen asirin kamfanin tsaro mai suna Pinkerton da bashi ya yi wa katutu. A shekarar 1912 aka tura shi wani birni mai suna Columbia da ke shawagi a cikin gajimare, aka ce ya ɗauko wata yarinya, Elizabeth, a yafe masa bashin. Mutum ɗaya ke buga shi, babu karawa da wasu ta intanet, kuma yawancin mutane kan gama shi cikin awa 11 zuwa 13.

To mene ne ake ta gardama a kai?

Da ya fito, masu sharhi sun yi masa ruwan yabo, har ya sami maki 94 cikin 100 a Metacritic, shafin da ke tattara makin masu sharhi, a kan kwamfuta. Bayan ƙura ta lafa sai aka fara jin wata murya dabam: birnin ya yi kyau, labarin ya riƙe zuciya, amma abin da yatsunka ke yi tun daga farko har ƙarshe shi ne shiga fili, kashe kowa, lalube akwatuna, wucewa fili na gaba. Masu kare shi suka ce ai wasan labari ne, a daina auna shi da sikelin da ba nasa ba. Masu sukar suka ce idan labari ne kawai, me ya hana a yi fim?

Ni ina cikin masu ƙaunar wasan nan, kuma ina ganin masu sukar sun faɗi gaskiya. Abin da na tsaya a kai shi ne: kayan zurfi suna cikinsa, amma wasan bai taɓa tilasta maka ka taɓa su ba, kuma birnin da ya gina an gina shi ne don ido, hannu bai sami rabo mai yawa ba. Sauran amsoshin duk bayanin wannan ne.

Wasa ne na 2013. Me ya sa har yau ake maganar kyansa?

Saboda kyansa ba daga ƙarfin na'ura ya fito ba. An gina shi da manhajar gina wasanni ta Unreal Engine 3, kuma idan ka matsa kusa da kwandon tuffa ko fuskar ɗan kallo a bakin titi za ka ga shekarunsa. Abin da bai tsufa ba shi ne idon masu zanen. A lokacin da galibin wasannin harbi suka cika da launin toka da na ƙasa, su sai suka zaɓi shuɗin sama, farin dutse, hasken hantsi mai ruwan zinariya da jan tutoci. Sun ɗauko siffar birnin daga babban baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893, da kuma hotunan farfaganda na Amurka a farkon ƙarni na 20.

Ka dubi yadda aka buɗe shi. Jirgin ruwa ya sauke ka a wata hasumiyar fitila a gaɓar jihar Maine cikin ruwan sama da duhu. Ka hau sama, kujera ta harba ka cikin hadari, sai kawai gajimare ya yaye, birni ya bayyana yana lilo cikin rana. Daga nan za ka yi kusan rabin awa ba ka harbi kowa ba. Kana tafe cikin kasuwar biki, yara na wasa da ruwan famfo, gidaje na sauka suna haɗuwa da tituna kamar jiragen ruwa a tasha, mawaƙa huɗu na rera waƙa a kan wani ƙaramin jirgi, kuma mai kunne zai gane cewa waƙar ba ta zamanin 1912 ba ce. Wannan ma alama ce da labari zai warware daga baya.

Kuma kyan yana da aikin yi. An sa ka ka so wurin ne don abin da ke ƙarƙashinsa ya yi maka zafi. Za ka ga mutane sun durƙusa gaban gumakan Washington da Jefferson da Franklin, iyayen kafa ƙasar Amurka. Za ka ga an zana Abraham Lincoln da ƙaho, an kafa wa wanda ya kashe shi mutum-mutumi. Za ka ga bayan gida na Turawa tsaf-tsaf, na baƙaƙe da 'yan Ailan a lalace. Babu wanda ya tsayar da kai ya yi maka lacca, bango ne ke magana. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma duk wanda ya ce "ado ne kawai" bai yi wa masu zanen adalci ba.

Labarin fa, a kan me yake?

A sama-sama, ceto ne: yarinya a kulle a hasumiya, wani ƙaton tsuntsu na ƙarfe da fata mai suna Songbird yana gadinta, shugaban birnin, Zachary Comstock, yana son ta gaje shi. A ƙasa kuwa zancen wariyar launin fata ne, da cin gumin ma'aikata, da yadda ƙasa ke mayar da tarihinta abin bauta. A unguwar Finkton ma'aikata na yin gwanjon aiki, wanda ya yi alkawarin gamawa da sauri shi ke samu, kuma ana biyansu da takardun da ba sa karɓuwa sai a shagon mai kamfanin. Labarin ya jingina da abubuwan da suka faru da gaske, musamman kisan kiyashin Wounded Knee na Disambar 1890, inda sojojin Amurka suka kashe 'yan ƙabilar Lakota fiye da 200, har da mata da yara. Booker yana cikin sojojin, kuma wannan ne nauyin da yake ɗauke da shi.

Daga tsakiya sai labarin ya karkata zuwa duniyoyi masu kama da juna da tarihin Booker da Elizabeth. A nan na fi jin takaici. 'Yan tawayen Vox Populi, waɗanda Daisy Fitzroy ke jagoranta, an nuna mana dalilinsu sarai, sannan cikin ɗan lokaci aka mayar da su wasu abokan gaba masu jajayen tufafi da za a harbe, ana nuna kamar su da azzalumin duk kanwar ja ce. Mutane da yawa sun soki wannan, kuma ƙarin labarin da aka fitar a 2014 ya yi ƙoƙarin gyara fuskar Fitzroy.

Me ake nufi da "zurfin wasa"?

Ba yawan bindigogi ba ne, ba kuma wahala ba ce. Zurfi shi ne a sa ka yanke shawara mai sakamako, kuma ka ci gaba da koyon sabon abu bayan awa goma. Dara ba ta da kaya sai ramuka da 'ya'ya, amma dattijo zai shekara arba'in yana buga ta bai ga ƙarshenta ba. Idan dabarar da ka koya a awa ta biyu ita ce ke kai ka har ƙarshe ba tare da ka sake tunani ba, to wasan yana da faɗi, zurfinsa kaɗan ne.

Kenan harbin ba shi da daɗi?

Yana da daɗi, a wasu wurare ma ƙwarai. Akwai layukan dogo da suka kewaye birnin a sararin sama. Kana da ƙugiya a hannun hagu, ka maƙale, ka yi gudu a kansu, ka diro wa abokin gaba a ka. Akwai kuma ruwan kwalba guda takwas da ake kira Vigor, kowanne da ƙarfin da yake ba ka: Bucking Bronco ya ɗaga mutane sama, Devil's Kiss ya jefa wuta, Murder of Crows ya saki hankaki, Undertow ya jawo na nesa ko ya tunkuɗa na kusa ya faɗa ƙasa. Ana haɗa su, misali ka saki hankaki ka cinna musu wuta, ana kuma kafa su a ƙasa a matsayin tarko. Idan aka ba ka babban fili mai layin dogo, ga Handyman, ƙaton mutum mai jikin inji, yana bin ka yana sa wa layin lantarki don ya sauko da kai, za ka ga wasan da aka yi niyya.

Matsalar ita ce irin waɗannan filaye ba su da yawa, kuma galibin abokan gaba mutane ne da bindiga da ke tsaye ko ke rugowa. Ba su cika bambanta ta yadda za su sa ka sauya dabara ba. Da wasan ya yi nisa, sai a ƙara musu ƙarfin jure harbi maimakon wayo. Fatalwar matar Comstock sau uku ake yaƙarta, kusan iri ɗaya. Mutuwa ma ba ta da tsada: Elizabeth ta farfaɗo da kai, a rage maka kuɗi kaɗan, ka ci gaba. Don haka mutum kan kama bindiga ɗaya da Vigor ɗaya ya riƙe har ƙarshe. Duba amsar da ke kan yadda za a buga shi a ji zurfinsa.

Me ya sa ake ƙorafi a kan bindiga biyu?

Saboda waɗanda suka buga BioShock na farko, na 2007, sun saba da wani abu dabam. A can kana ɗauke da duk makamanka, kowanne da harsashi iri-iri. Kana iya juya kyamarar tsaro ta zama taka, ka ajiye magani a aljihu, ka kuma zaɓi lokacin da za ka tsokani Big Daddy, ƙaton abokin gaba mai sulke, bayan ka kewaye shi da tarko. A Infinite bindiga biyu kawai za ka riƙe, garkuwarka tana cika da kanta idan ka fake, abinci kuma a take ake cinye shi. Tsarin bindiga biyu da garkuwa mai dawowa wasan Halo ne ya yaɗa shi tun 2001, kuma a can ya zauna daidai.

A nan ya yi karo da wani tsarin. Wasan yana sayar maka da gyaran bindiga da kuɗi mai yawa, sannan harsashinta ya ƙare ka jefar da ita ka ɗauki wadda ba ka kashe wa ko sisi ba. A rabi na biyu ma 'yan tawaye na zuwa da nasu irin bindigogin, waɗanda gyaran da ka yi bai shafe su ba. An ce ka yi shiri, an kuma hana shirin amfani.

Elizabeth tana ƙara zurfi ko tana rage shi?

A wajen labari ita ce ran wasan. Ka tsaya ka kalle ta a bakin ruwan Battleship Bay, ranar farko da ta fita daga kulle, tana rawa, tana leƙa kaya, tana jingina da bango idan ka daɗe. Courtnee Draper ce ta yi muryarta, Troy Baker ya yi ta Booker, kuma hirarsu ce ke ɗauke da kai a wuraren da harbin ya gundure ka. Masu wasan sun yanke shawara mai kyau da suka sa ba a iya raunata ta, don babu abin da ke kashe ƙauna kamar rainon abokin tafiya mai mutuwa kowane minti biyar.

A fagen fama kuwa tana rage maka tunani. Harsashi ya kusa ƙarewa, sai ta wurgo maka. Jini ya yi ƙasa, sai ta wurgo magani. Tana iya buɗe ɓaraka zuwa wata duniya ta jawo abu, kuma a labari wannan iko ne mai girgiza komai. A hannunka sai ya zama zaɓi tsakanin bango na fakewa, bindiga mai harbi da kanta da akwatin magani, a wuraren da aka riga aka tsara, ɗaya bayan ɗaya. Babban abin da labarin ya mallaka ya zama ƙaramin maɓalli.

Zaɓin da nake yi yana canza wani abu?

Kusan babu. Za a ce ka zaɓa wa Elizabeth abin wuya, tsuntsu ko keji. Za a ce ka zare bindiga a wurin sayar da tikiti ko ka jira, ka kashe wani tsohon soja ko ka bar shi. Abin da ke canzawa ƙanana ne, kamar ɗaurin da zai bayyana a hannun Booker. Ƙarshe ɗaya ne. Da gangan aka yi haka, don labarin kansa yana magana a kan abin da ke canzawa da abin da ba ya canzawa, kuma tagwayen nan Lutece da ke sa ka jefa kwabo tun da farko suna nuna maka hakan. Na yarda da hikimar. Sai dai wasan da ya gina darasinsa a kan rashin zaɓi ya kamata ya ba ka zaɓi mai yawa a fagen fama don ka ji bambancin, kuma a nan ne ya gaza.

Gaskiya ne kisan ya yi yawa har ya ɓata labarin?

Kisan farko yana da ma'ana. A wurin bikin an ba ka ƙwallo mai lamba 77, an fito da wani Bature da baƙar mace a ɗaure don jama'a su jefe su saboda sun so juna. Kafin ka yi jifa 'yan sanda suka kama hannunka, sai Booker ya tura fuskar ɗayansu cikin ƙugiya mai juyawa. Jinin nan ya kamata ya tayar da hankali, kuma ya tayar. Haka nan lokacin da Elizabeth ta fara ganin ya kashe mutane, ta gudu tana ƙyamarsa.

Amma bayan mutum na ɗari uku babu sauran abin da ke girgiza kowa. Tun 2007 wani mai tsara wasanni, Clint Hocking, ya yi rubutu a kan BioShock na farko game da saɓanin da ke shiga tsakanin abin da labari ke faɗa da abin da wasa ke sa ka yi. Wasu na cewa a nan babu saɓani, tunda Booker mutum ne da bai san wata hanya ba sai jini. Hujja ce mai ƙarfi. Ni abin da ya fi damuna shi ne da zarar an fara harbi, mutanen gari sai su ɓace, titin da ka so ya zama filin daga. Ga shi kuma kana tsakiyar zance mai taɓa zuciya, hannunka na lalube kwandon shara yana neman kwabo.

An ce abin da aka nuna kafin ya fito ya fi wanda aka sayar?

An sanar da wasan a Agustan 2010, kuma abin da aka nuna a 2010 da 2011 ya ƙunshi filaye masu faɗi, jama'ar gari da ke iya juya maka baya ko su ƙyale ka, da Elizabeth tana haɗa ƙarfinta da naka kai tsaye. Da yawa daga ciki bai kai ga fitowa ba. An ɗage ranar fitarwa daga Oktoban 2012 zuwa Fabrairun 2013, sannan zuwa Maris. Manyan ma'aikata sun tafi, aka ɗauko Rod Fergusson daga kamfanin Epic a 2012 don a kai aikin gaci. Halittun nan masu ƙahon ji da ake kira Boys of Silence, da aka yi ta tallarsu, a zango ɗaya kawai suke. A Fabrairun 2014 Levine ya sanar da rufe Irrational a yadda aka san shi.

Yaya zan buga shi in ji zurfin da ke ciki?

Kada ka fara a matsakaicin mataki idan ka saba da harbi, ka fara a mai wuya. Akwai kuma matakin 1999, wanda aka sa wa sunan shekarar da System Shock 2, wani tsohon wasan Irrational, ya fito. A can kuɗi na da daraja, kuma idan ka mutu ba ka da abin biya sai a mayar da kai baya. A fitowar 2013, yana buɗewa ne bayan ka gama wasan sau ɗaya. Ka zuba kuɗinka a Vigor fiye da bindiga, saboda su ba a jefar da su, dalilin yana cikin amsar bindiga biyu. Ka riƙa kafa tarko kafin faɗa, ka hau layin dogo duk inda ka gan shi, ka kuma nemi faya-fayan murya guda 80 da ke warwatse, don rabin labarin yana cikinsu.

Idan ka gama, ka nemi kashi na biyu na ƙarin labarin wasan mai suna Burial at Sea, wanda ya fito a Maris 2014. A nan Elizabeth kake bugawa, ba ta da ƙarfin Booker, ta fi dogara da sanɗa da kibiya mai sa barci. A ganina nan ne abin da hannu ke yi ya fi dacewa da halin wadda kake riƙe da ita.

Dole ne wasa ya zaɓi ɗaya, ko kyau da labari ko zurfi?

A'a. Half-Life 2 na 2004 ya ba ka bindigar da ke ɗaga kaya, ya kai ka garin Ravenholm inda harsashi ya yi ƙaranci, faifan zarto ya zama makami, tsoron wurin da dabarar faɗa suka zama abu ɗaya. Titanfall 2 na 2016 yana da zangon da kake tsallake tsakanin jiya da yau da maɓalli ɗaya, ana harbinka a duka biyun, wanda shi ne abin da ɓarakar Elizabeth ta cancanci zama. Doom na 2016 ya rage labari, ya sa magani da harsashi suna fitowa daga jikin abokin gaba, don haka ba ka da zaɓi sai kutsawa. Wanda ke kewar BioShock na farko kuma ya gwada Dishonored na 2012 ko Prey na 2017.

Akwai abin da ya shafi addini da ya kamata in sani?

Akwai, kuma gara ka ji tun kafin ka kashe kuɗinka. Comstock yana kiran kansa annabi, mutanen birnin na bin sa a haka. Wasan ya nuna shi a matsayin maƙaryaci azzalumi, ba a yabe shi ba. Haka kuma a farkon wasan dole sai ka danna maɓalli an yi wa Booker baftisma kafin a bar shi ya shiga birnin, babu hanyar kaucewa. A 2013 wani Kirista ya nemi a mayar masa da kuɗinsa a Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, saboda wannan, aka kuma mayar masa. Kowa ya san inda zuciyarsa ta tsaya. Ban da haka akwai jini sosai da kalaman wariya, kuma an ware shi ga manya, 'yan shekara 18 a tsarin Turai. Ba na ƙananan yara ba ne.

Na saba da PUBG da Free Fire. Zan ji daɗinsa, kuma a ina zan same shi?

Idan abin da ke jan ka shi ne gwada wayo da mutum ɗan'uwanka, abokan gaban nan za su yi maka sanyi, don ba sa yaudara, ba sa kwanton ɓauna irin na mutum. Ka shigo da niyyar baƙon da ya zo ganin gari: ka rage sauri, ka karanta allunan bango, ka saurari hirar mutane kafin faɗa ya kore su. Babu shi a waya. Yana kan kwamfuta, inda yake son fili wajen giga 20 zuwa sama, yana kuma cikin BioShock: The Collection da ya fito a 2016 a PlayStation 4 da Xbox One, ya iso Nintendo Switch a 2020. Ba ka ajiye wasa da kanka, shi ke ajiyewa a wuraren da ya tsara, don haka inda wuta ba ta da tabbas ka duba lokacin ajiyar ƙarshe kafin ka tashi. Ana magana da yawa a cikinsa, ka kunna rubutun ƙasa, kuma wanda Faransanci ya fi masa sauƙi zai iya sauya muryoyin zuwa Faransanci.